Malam Bukar da Kadarkon Hanyar Maƙabarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifina ne ya kawo mini labarin rasuwar Malam Bukar, kuma tun kafin ya buɗe baki na san ba lafiya ba. Da hantsi ne, ina bakin kwarin da ya raba unguwarmu ta Goron Dutse da hanyar maƙabarta, ina duba abin da ruwan farko na daminar bana ya yi wa kadarkon da muka gina, sai na hango shi tafe da sandarsa. Ni ne ɗansa na fari, mu kuwa Fulani ne, ko da yake kakanmu ne na ƙarshe da ya zauna a ruga. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya zuwa kallon aikinsa. Tun da muka fara aikin nan ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Ya tsaya ɗan nesa da ni, idonsa na kan dutsen, ya ce, "Kai, malaminku ya riga mu gidan gaskiya. Bayan azahar za a kai shi." Na durƙusa a cikin laka. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya juya ya tafi.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Bukar Babarbare ne, mutumin Borno. Shi yake koya mana lissafi da labarin ƙasa a makarantar Midil, kuma shi ne shugaban rundunarmu ta 'yan sikawut. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, da zanen Barebari a kumatunsa, in ya yi dariya a ajinmu har aji na gaba sai an ji. Ran da aka kai ni makaranta ya tambayi sunana, na ce Buba. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ɗaga hannu ya ce alhamdu lillahi, yau Allah ya kawo masa bawa har cikin aji. Ni kuwa baƙauyen yaro na fashe da kuka. Sai daga baya na gane cewa wasan nan ne da ke tsakanin Fulani da Barebari tun kaka da kakanni, kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, ba mai jin haushi. Tun daga ranar bai sake kirana Buba ba, sai Bafillace. In na ci jarrabawa ya ce ashe nono ma yana kawo ƙwaƙwalwa, in na faɗi ya ce hankalina ya tafi kiwo.

Lokacin da ya kafa rundunar, iyaye da yawa sun ƙi. Ba sanda ko usur ko ƙyallen wuya ne ya dame su ba, gajeren wandon ne. Suka ce ba za a mai da musu 'ya'ya 'yan dako ba, kuma da wace sutura yaro zai yi salla gwiwa a waje? Malam bai yi gardama da kowa ba. Ya bi gida gida yana zama a zaure yana saurare, sannan ya sa kowane yaro ya riƙa ɗaure zane a ƙugunsa ƙarƙashin riga, in lokacin salla ya yi a sake shi ya rufe gwiwa. Ƙyallayen wuyanmu na farko shi ya kalmashe bakinsu da hannunsa. In yana koya mana ɗaurin igiya yakan ce, "Ku ɗaura yadda na bayanku zai iya kwancewa." Akwai kuma maganar da muka ji a bakinsa har muka gaji: "Kada ka ce ka taimaki mutum alhali ba ka tambaye shi abin da ke damunsa ba."

A sikawut akwai matakai, na ƙoli shi ne wanda ake kira Sikawut na Sarki, wato Sarkin Ingila. Ba wanda ya taɓa kai wa can a rundunarmu, Malam kuwa yana so ƙwarai ya ga ɗaya daga cikin yaransa ya kai. Ni ne na fi kusa, kuma bana ce shekarata ta ƙarshe a makaranta. In na fita ban samu ba, shi ke nan ta wuce ni. Sharuɗɗan ba wasa ba ne. Na koyi ɗaure karaya da tsayar da jini, na koyi iyo da yadda ake ciro wanda ruwa zai ci, na koyi aika saƙo da tuta, na yi tafiyar ƙafa mai nisa na zano taswirar hanyar da na bi. Akwai kuma sanin gari, yadda in baƙo ya tsare ka zai sami hanya daga bakinka. Ranar da Malam ya gwada ni a kan wannan, ya ce in kai shi daga Ƙofar Mazugal zuwa Ƙofar Ɗan Agundi. Na zayyana masa lunguna ina jin kaina. Ya bari na gama sannan ya ce ai ya manta bai gaya mini ba, baƙon yana tare da jaki ɗauke da mangala, ta wane lungun cikinsu zai wuce? Dole na koma na sake bin garin da ƙafa.

Da na cika duk abin da littafin Turawa ya nema, na ɗauka saura Baturen makarantu ya zo ya jarraba ni. Sai Malam ya ce akwai sharaɗi ɗaya nasa na kansa wanda ba ya cikin littafi. Ba zai gabatar da sunan yaro ba sai yaron ya nemo wani aiki da jama'a ke bukata, ya tsara shi da kansa, ya tara mutane, ya shugabance su har a gama. Na ce masa Bature bai nemi haka ba. Ya ce Bature zai manna mini lamba ya koma unguwarsu ta Nasarawa, amma ni a cikin mutanen nan zan tsufa.

Ban sha wahalar neman aikin ba, domin a ƙofar gidanmu yake. Kwarin nan da na ambata, da rani busasshe ne, ko akuya tana ƙetarawa. Amma in damina ta sauka, ruwan da ke gangarowa daga dutse yakan cika shi, gefensa ya yi santsi. Masu ɗauke da makara ko su yi dogon zagaye ta bayan gonaki, ko su shiga ruwa da mamaci a kafaɗa. Da idona na taɓa ganin dattijo ya zame, makara ta karkace, saura ƙiris a yi abin da ba a so. Na zana kadarko irin wanda ke cikin littafinmu, siriri, mai igiyar riƙo hagu da dama, na kai wa Malam ina murna. Ya dubi zanen ya ce ya yi kyau, wa zai bi ta kai? Na ce masu kai gawa. Ya ce to, in je in raka jana'iza, kada in kalli komai sai kafaɗun mutane, sannan in dawo mu yi magana.

Na raka, na kuma raka. Abin da na sha gani tun ina ƙarami ban taɓa lura da shi ba, shi na gani. Makara ba ta zama a kafaɗar mutum ɗaya. Kowa yana son ladan ɗauka, saboda haka ana tafe ana karɓa, wannan ya shigo ta gefe ya sa kafaɗa, wancan ya zame ya ba shi wuri, ba a tsayawa. Ke nan hanyar makara dole ta ɗauki masu ɗauka da masu shigowa da masu fita gaba ɗaya. Kadarkona siriri da an gina shi, da mutane sun tsaya a bakinsa suna kallo, sannan su shiga ruwa yadda suka saba. Na koma na gaya wa Malam. Bai ce ai na faɗa maka ba, sai ya miƙo mini alli ya ce in sake.

Faɗin da na ƙara shi ya jawo mini damuwa. Duwatsun ginshiƙi akwai su a dutse, ƙasa akwai ta a kududdufi, ƙarfi kuma ga 'yan runduna. Amma gumaguman giginya da za a gitta, da azarar da za a jera a kai, waɗannan ba a tsintarsu. Wanda ke da su jibge shi ne Baba Modu, wani tsohon Babarbare mai sayar da azara a kusa da Ƙofar Mazugal, abokin tsokanar mahaifina a kasuwa. Sai an roƙe shi. Da mahaifina ya ji, ya aiko Inna ta gaya mini cewa in yi aikina bai hana ba, amma jininsa ba zai tsaya a ƙofar wani yana roƙo ba. Ko da bai aiko ba ma, ni kaina harshena ba zai iya ba. An raine mu a kan cewa ko yunwa kake ji a gidan mutane, ka ce ka ƙoshi.

Na je wurin Malam na ce tunda shi da Baba Modu yare ɗaya suke yi, ya taimaka ya yi masa magana. Ya ƙi ƙememe. Ya ce in ya yi, aikin ya zama nasa, shi kuwa ya wuce shekarun neman lamba. Na fita raina a ɓace, har na yi kwanaki ina gaishe shi a daƙile. Ina ganin rani yana tafiya, zane yana hannuna, ba ko sanda ɗaya a bakin kwari. Ana nan sai watan cika-ciki ya kama. Malam ya tare ni a bakin aji, ya ce shi bai taɓa ganin ubangida marar zuciya irina ba, ga lokacin karɓar shara ya zo, ina da bayi cike da gari, amma na zauna ina zumɓura baki.

Shara ita ce 'yar kyautar da abokin wasa ke karɓa a wurin abokin wasansa a wannan wata. Ba roƙo ba ne, haƙƙi ne, da gadara ma ake karɓarsa. Washegari na sa babbar rigata, na ɗauki sandar mahaifina, na tafi rumfar Baba Modu. Na yi sallama, na gyara murya, na ce, "Baba, ubangidanka ne ya zo karɓar shara. Bana kuma ba goro nake so ba, giginya nake so da azara." Tsohon ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya kira maƙwabta su zo su ga ƙarshen zamani, ɗan maraƙi ya zo karɓar haraji. Ya ce ni da duk danginmu ba za mu iya ɗaga gungume ɗaya ba don rama. Bayan ya gama wanke ni tas, sai ya tambaye ni me zan yi da su. Da na gaya masa, dariyar ta ɗauke. Ya ce matarsa ta fari a maƙabartar nan take, kuma ranar da aka kai ta a cikin ruwa aka ƙetara da ita. Ya tashi da kansa ya zaɓo mini waɗanda suka fi ƙwari.

Labari ya kai wa mahaifina a kasuwa. An ce ya ja rawani ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ranar da muka yi gayyar ɗauko gumaguman, ƙoren fura da nono suka iso bakin kwari daga gidanmu, na kuwa san Inna ba za ta yi haka da ra'ayin kanta ba. Mai unguwa ya ba mu izini, ko da yake da sanyin jiki. Ya ce shi bai taɓa ganin aikin 'yan boko ya kai damina biyu ba, amma mu gwada. Na raba 'yan runduna ƙungiya ƙungiya, masu dutse, masu kwaɓa ƙasa, masu ɗauri. Wani magini a unguwarmu ya nuna mana yadda ake jera azara a gicciye. Malam yakan zo bayan la'asar ya zauna a kan wani dutse, ba ya sa baki. In na zo da tambaya ya ce shi ɗan kallo ne, a tambayi shugaban aiki.

A tsakiyar aikin ne ciwon ya kama shi. Da fari tari ne, sai rama, har ya daina zuwa aji. Da muka gama daɓe ƙasar saman kadarkon, na je gidansa na same shi kwance a zaure, rigarsa ta yi masa yawa. Na gaya masa an gama, mun toshe bakinsa biyu da ƙaya don ƙasar ta bushe. Ya yi murmushi ya ce, "Kada ku cire ƙayar sai na zo. Ni zan fara hawa. In ya karye da ni, Bafillace, duk shanun ubanka ba su isa diyyata ba." Na ce masa yadda ya rame ɗin nan, ko karan dawa aka gitta zai ɗauke shi. Wannan ne karo na farko da na rama masa wasa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ban sake ganinsa da rai ba.

Bayan azahar aka yi masa salla a ƙofar gidansa, aka ɗauko shi. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata, malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa da iyayen da suka taɓa ƙin gajeren wando. Ruwan jiya bai gama janyewa ba, kwarin yana gudu. Da aka iso inda hanya ta rabu, mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce a bi ta bayan gonaki, ba za a gwada aikin yara da gawar malami ba. Ban ga laifinsa ba, amana ce a wuyansa. Makara ta fara juyawa. Ni kuwa na ji in aka wuce da shi ta can, ba zan iya cire ƙayar nan ba har abada. A nan babu wasa da zan ɓuya a bayansa, babu shara. Na ratsa mutane na durƙusa a gaban mai unguwa, mahaifina yana tsaye a gefensa, na ce, "Ranka ya daɗe, roƙo nake yi. A bi da shi ta nan. Ya ce shi zai fara hawa."

Ban iya ɗaga kai ba, domin na san kalmar da ta fita daga bakina, na kuma san wanda ya ji ta. Sai na ga ƙafafun mahaifina sun motsa. Ya nufi bakin kadarkon, ya sa sandarsa ya janye ƙayar gefe guda, ya miƙa wa wani sandar don ya je ya janye ta ɗaya bakin, ya dawo ya sa kafaɗarsa a gaban makara. Baba Modu ya kama ɗaya ɓangaren. Mai unguwa ya dube su, ya sauke hannunsa, ya ce bismillah.

Aka hau. Ina biye a baya ina sauraren ko zan ji ƙarar itace, ban ji komai ba sai kalmar shahada da gudun ruwa a ƙasa. A tsakiyar kadarkon wani ya shigo ta dama ya karɓi mahaifina, wani ya shigo ta hagu ya karɓi Baba Modu, suka zame gefe, ba wanda ya gogi wani, makara ba ta tsaya ba. Ni ma a nan na sami wuri na sa kafaɗata. Bai yi nauyi ba ko kaɗan, abin da ya fi sa ni kuka ke nan.

Da aka rufe shi ana dawowa, Baba Modu ya dafa ni, idonsa jajur, ya ce ashe bawan nasa ya iya aiki. Mahaifina yana gaba, bai waiwayo ba. Amma da ya zo tsakiyar kadarkon ya tsaya, ya buga ƙasar da dunduniya, ya ce da mai unguwa, yadda zan ji, "Yaron nan ya faɗaɗa shi yadda ya kamata."

Malamin da ya karɓi rundunar ya ce Baturen makarantu zai zo kafin a tashi hutu, kuma shi zai gabatar da sunana kamar yadda marigayi ya yi niyya. Ina so in samu, ba zan ɓoye ba, ina so ƙwarai, domin ya so ya gani. Biyu daga cikin ƙannenmu a runduna sun riga sun zo mini da zancen gyaran wurin shayar da dabbobi a wata rijiya ta wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Sun kawo zane mai kyau. Na ce musu su je su zauna a bakin rijiyar tukuna, su ga yadda shanu ke shigowa, sannan su dawo mu yi magana.

Ya Allah, ga bawanka Bukar ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Duk ƙafar da za ta bi ta kan kadarkon nan, da ta mai ɗauka da ta mai rakiya, ka sa masa ladanta a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya 'ya'yansa a kan alheri, ka sanyaya zuciyar danginsa na Borno waɗanda labari zai iske daga nesa, ka ba mu ikon riƙe su yadda ya riƙe mu. Yadda aka ƙetara da shi lafiya a nan, ya Allah ka ƙetarar da shi siraɗi lafiya. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.